Majanyin Inna a Cikin Gilashi

Tun kafin ƙafata ta taka ƙasar nan abu ɗaya ne yake hana ni sukuni, kada majanyin Inna ya salwanta a hannuna. Jirgi bai ba ni tsoro kamar haka ba, balle sanyin da ake ta ba ni labari.

Kakata ce ta saƙa shi da hannunta a Zariya, baƙi da fari, da wani siririn jan zare a tsakiya, da geza a bakinsa biyu. Da shi ta goyi Inna, Inna ta goye mu da shi gaba ɗayanmu, yayyena suka goyi nasu. A gidanmu ba mallakin kowa ba ne. Wadda ta haihu ake kai wa, in ta yaye ta dawo da shi. Ba a ba da aronsa a waje. Da na haifi Ummi aka kawo min, da takardunmu suka fito kuma za mu bi Abban Ummi Amurka inda yake karatu, gwaggonnina suka ce a karɓe shi, wai abin da ya haye teku ba ya dawowa. Inna ce ta tsaya min. Ta ce yarinya ba ta isa yaye ba, ba za a raba ta da abin da ta saba da shi ba. Ta dube ni ta ce, "Amana ce, Safiya. Ƙanwarki tana tafe." Lokacin ba a daɗe da kai Zainabu ɗakinta ba.

Mun sauka Greensboro a wani gidan haya mai ɗaki ɗaya da falo, kusa da jami'ar da Abban Ummi yake. Abin da ya fara dukana shi ne shiru. Gari ne cike da itatuwa kamar daji, kurege yana gudu a kan wayar lantarki ba mai jifansa, amma sai ki wuni ba ki ji sallamar mutum ba. Maƙwabciyarmu takan ɗaga min hannu ta yi murmushi, ta ja karenta ta rufe ƙofa. Shi kuwa maigidan da safe yake fita sai magariba, Asabar da Lahadi kuma yana aiki a wani gidan mai. Daga ni sai Ummi sai bango. In kuka ya ci ƙarfinta sai in goya ta, in ja majanyi in ɗaure, in yi ta zagaya falo har ta yi barci, sannan in zauna in yi nawa kukan.

Ranar da na fara shiga kanti da goyo, wata tsohuwar Baturiya ta biyo ni tana nuna bayana tana magana da sauri. Abban Ummi ya ce wai cewa take yi yarinya za ta faɗo. Na ce ya gaya mata majanyin nan ya riƙe mutanen da yanzu wasunsu har da gemu, ko ɗaya bai taɓa faɗowa ba. Bai gaya mata ba, haƙuri ya ba ta.

Sai Anti Laure. Ba zan ci haƙƙinta ba, zan faɗi alherinta kafin in faɗi sauran. Ita ce uwar 'yan Arewa a garin nan, ita da mijinta Alhaji sun daɗe har yaransu ba sa amsa Hausa sai da Turanci. Su suka ɗauko mu daga filin jirgi. Alhaji ne ya tsaya wa Abban Ummi aka ba shi haya, shi ya samo masa aikin gidan man. Ita kuma ta kawo min tukwane da rigar sanyi da kujerar yaro ta mota, har da kuka da daddawa. Hijabai da yaduka take sayarwa daga cikin gidanta a Summerfield, yawancinsu daga Indonesiya ake turo mata. A gaban mutane "ƙanwata" take ce min, in mun shiga mota sai in koma "ke yarinya". Na lura da haka tun da wuri, amma baƙo makaho ne ko da idonsa.

Wata Juma'a bayan an sallame, wata 'yar siririyar mata ta miƙe a ɓangarenmu na mata ta yi sanarwa. Sunanta Wulan, 'yar Indonesiya ce, tana karatun zama dakta a fannin koyarwa. Bincikenta a kan yadda ake auna rubutun baƙi masu koyon harshen ƙasarsu ne, don haka tana neman mutanen da ba su san ko kalma ɗaya ba, ta koya musu kyauta duk Asabar da safe, kuma ana iya zuwa da yara. Anti Laure ce ta fara ɗaga hannu. Ta daɗe tana so ta riƙa ciniki da masu rinin can kai tsaye ba tare da dillali ba, kuma ta san a cikin matan Indonesiyan garin akwai waɗanda danginsu ke da masana'anta. Ta rubuta sunana a ƙasan nata ba ta tambaye ni ba. Ta ce in zo in sha iska, zaman ɗaka zai haukata ni.

Ni iyakacina firamare da Islamiyya. Na taɓa gwada ajin Turanci, ranar da aka ce in karanta wani saurayi ya yi dariya, ban ƙara komawa ba. Amma wannan ajin daban ne, domin kowa daga ƙasa ya fara. Akwai wani likita ɗan Sudan, akwai Amurkawa biyu, akwai wata 'yar Somaliya, kuma duk tare muke tuntuɓe. Harshen yadda ake faɗarsa haka ake rubuta shi, kamar Hausar boko. Wasu kalmomin ma na gane su kafin a fassara, su *dunia* da *sabun* da *kabar*, wato duniya da sabulu da labari. Rana ta farko kenan da na ji akwai abin da zan iya a ƙasar nan.

Malama Wulan, su a can Ibu suke cewa, tana da nata salon. Ba ta fara mu da allo ba. Kowace Asabar sai ta zo da wani abu na gargajiyarsu ta ajiye a tebur. Ran nan yadin batik da ɗan ƙaramin mazubin da ake zana masa kakin zuma kafin a rina, ran nan mutum-mutumin fata da ake wasan inuwa da shi, ran nan abin kiɗa na gora. Mu taɓa, mu shinshina, ta ba mu sunayen, sannan kowa ya rubuta layi uku ko huɗu. Takan ce hannun da ya taɓa abu ya fi iya rubuta shi. In ta karɓi takardu abu huɗu take ba wa maki, kalmomin da ka sani, yadda ka jera su, daidaiton haruffa, da kuma abin da ka faɗa. Jan alƙalaminta ba ya jin kunyar kowa, har likita.

Wata Asabar ta zo da wani dogon zane mai zanen tsuntsaye, ta ce sunansa *gendongan*, da shi matan ƙasarsu suke ɗaukar jarirai. Ta nemi in ba ta Ummi, ta rataya zanen a kafaɗa ta ɗora ta a kwankwaso ta soke bakin a baya. Dariya ta kama ni. Na karɓi 'yata na wurga ta baya, na ja zani, na kawo majanyi na ƙulle. Malama ta zo ta durƙusa tana shafa saƙar, tana lissafa zaren da yatsa, ta yi tambaya da Turanci. Anti Laure ta amsa mata da wata doguwar magana, ta juyo ta ce min wai tana tambayar wanda ya saƙa ne, ta gaya mata. A ranar Malama ta sanar da jarrabawar ƙarshe. Kowa zai rubuta shafi ɗaya a kan *gendongan* da kuma wani abu na gadon gidansu, a cikin aji, ba waya ba ƙamus. Bayan nan za a yi walima da 'yan ƙasarsu, kowa ya kawo abin nasa ya karanta abin da ya rubuta.

A mota Anti ta yi ta jana da hira a kan majanyin, ni kuwa sakarya na zazzage mata komai. Yadda Kaka take jingina masaƙarta da bangon zaure, yadda ta kaɗi audugar da kanta, yadda jan zaren nan daga zanen aurenta ta zare shi. Da muka tsaya a ƙofar gidanmu Ummi tana barci a kujerarta, majanyin yana kan cinyata. Anti ta ɗora hannu a kai ta ce in ara mata kwana ɗaya, hoto kawai za ta ɗauka. Na ce Inna ta hana a ba da shi.

Ta yi dariya. "Nan Amurka ce, ba mai yi miki sammu da tsumma. Ko ni ce ba ki yarda da ni ba?"

In baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Ina zaune a motarta, 'yata tana kan kujerar da ta saya, rigar sanyin jikina ma tata ce. Ban ce ɗauki ba, ban ce bari ba. Ta naɗe shi ta sa a jaka, ta ce ni in rubuta nawa a kan tuwo ko lalle, sun fi sauƙi.

Kwana ɗaya ya zama mako, mako ya haifi wani. In na tambaya ta ce ta manta shi a ɗaya motar, ko ta ce ta ba da wanki. Ummi ta daina barcin rana. Ina ɗaure ta da gyale yana zamewa, tana ta laluben gezar da ta saba tsotsa ba ta samu. Ana cikin haka saƙon murya ya shigo daga Inna. Cikin Zainabu ya tsufa, tunda Ummi ta fara tafiya in nemi mai zuwa gida in aiko da majanyi. Na saurari saƙon ya fi a ƙirga, ban amsa ba.

Sai ga Anti ta kira ni in zo in taya ta suyar masa, za ta yi baƙi. Ta aiko aka ɗauke ni. Summerfield wajen gari ne, gidaje manya kowanne da filinsa, ciyawa kamar an shimfiɗa darduma, dawakin maƙwabta a tsaye bayan shinge an sa musu riguna. Na ratsa falo zan wuce kicin, na ɗaga kai, sai na gan shi a bango, a cikin firem mai gilashi. Da jan zaren na gane shi, don an wanke shi da abin da ya ci baƙinsa ya koma toka-toka. Kuma ya gajarce. Babu geza, babu inda ake kamawa a ƙulla. An datse shi ta nan an datse ta can, an bar tsakiyar kamar fatar layya.

Na ce, "Anti, ina bakinsa?"

"Wane baki? Au, wannan gezar? Ai duk ta ruɓe, ta yi baƙi da datti. Mai firem ya ce ba zai shiga ba sai an rage. Ke dubi yadda ya fito, kamar a gidan tarihi. Daraja na ƙara masa."

Baƙin da take kira datti hannun Kaka ne da na Inna da na yayyena. Nan kowacce take kamawa ta ja ta ɗaure, shekara da shekaru. Na juyo na dubi Anti. Ta ce kuma ta riga ta gaya wa Ibu na kakarta ne, kada in je in kunyata ta a aji, za ta saya min abin goyo na zamani mai maɓalli wanda ya fi wannan. Abin da har yau yake ci min rai shi ne na shiga kicin ɗin na soya masar nan har ƙarshe, na wanke tanda na kife. A nan na ga ledar shagon firem a rataye, na ɗauki hoton sunan da wayata.

Abban Ummi ya saurare ni har na gama, ya ce in yi haƙuri. Ya tuna min sa hannun wa ke kan takardar hayarmu, da wanda ya samo masa aiki. Ya ce, "Tsumma ne fa, Safiya." Ya ga yadda na dube shi, ya sunkuyar da kai, amma maganar ta riga ta fita.

Ranar da ya tafi makaranta na ɗaure Ummi da gyale na hau bas ni kaɗai, karo na farko tun zuwana. Lokacin itatuwa suna zubar da wata ƙura mai ruwan ɗorawa, duk motoci sun yi rawaya, ina ta atishawa. Na sauka a babbar tasha cikin gari, na bi titin Elm ina nuna wa mutane hoton sunan har na samu shagon. Wani dattijo ne mai tabarau. Na nuna masa hoton majanyin a bayana, na yi almakashi da yatsu biyu. Nan take ya gane. Ya zazzage kwandon shararsa a ƙasa, ya shiga ɗakin baya ya daɗe, ya fito hannu wofi. Motar shara ta riga ta kwashe. Sai ya ɗauko wani ƙyalle ya naɗe bakinsa a bayan katako yana nuna min, ya ɗauko wani firem mai tsawo ya nuna min, sannan ya girgiza kai ya yi almakashi da yatsunsa. Turancina kaɗan ne amma wannan ba ya bukatar tafinta. Ya ba Anti hanya biyu da ba sai an yanka ba, ita ta ce a yanka. Ya ba Ummi alewa, ya ba ni ruwa, ya raka ni har bakin ƙofa yana ba ni haƙuri a kan laifin da ba nasa ba.

A cikin bas na yi ta shirya maganar da zan gaya mata. Duk wadda na ɗauko da Hausa sai "Anti don Allah" ta riga ta fitowa, daga nan sauran ta narke. Haka aka rene ni, ba a ɗaga wa babba murya, ba a ce masa ya yi ƙarya. Turanci kuwa gonarta ce. Muna wuce wani fili sai na tuna ina da harshe na uku, kuma a cikinsa ban san ranki ya daɗe ba, ban san yi haƙuri ba. Kalmomi tsirara kawai na sani.

Daga ranar na zama ɗalibar da ta fi kowa tambaya. Kowace Asabar sai in ɗaga hannu in nemi kalma ɗaya. Yaya ake cewa aro? Malama ta ce *pinjam*. Yaya ake cewa yanka? *Potong*. Yaya ake cewa ƙarya? Ta ɗan dube ni, ta ce *bohong*. Ina maimaita su ina wanke-wanke, ina maimaita su ina jijjiga Ummi, kamar mai wasa wuƙa. Anti tana gefena a aji tana cewa, "Kai, yarinyar nan ta dage." Na ce ai koyi nake da ke, Anti.

Ranar jarrabawa Malama ta shimfiɗa *gendongan* a tebur ta karɓe wayoyi. Anti ta haddace nata tun daga gida, alƙalaminta bai tsaya ba. Ni kuwa kowane layi sai na yi gumi. Ga abin da na rubuta, in na mayar da shi Hausa:

"Wannan zanen goyo ne na Indonesiya. Yana da tsawo. Yana da tsuntsaye. Uwa tana ɗaure ɗa, ɗa yana barci. A gidanmu ma akwai. Kakata ta saƙa. Ta goyi uwata. Uwata ta goye ni. Na goyi 'yata. Wata mata ta ara kwana ɗaya. Ta yanke bakinsa. Ta sa a gilashi. Ta ce na kakarta ne. Ƙarya take yi. Ƙanwata za ta haihu, babu abin goyo. Gilashi ba ya goyon ɗa. Ban yafe ba."

Tsakiyar mako aka ƙwanƙwasa ƙofata. Malama Wulan ce, da takardata a hannu duk ta yi ja. Tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa zuwa wurina don ni kaɗai sai ita. Muka zauna a ƙasa, da ɗan harshenta da na koya da wayarta mai fassara muka fahimci juna. Ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na nuna mata hoton Inna tun ina jaririya, tana goye da ni, ga geza tana lilo. Ta daɗe tana kallo. Sai ta gaya min abin da Anti ta amsa mata ranar da ta shafa majanyin a bayana, wai na kakarta ne, ta ara wa yarinyar nan ne don ba ta da shi. Ashe tun yana ɗaure a jikina ta sace shi.

Malama ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce a abin da aka faɗa ni ce a sama, amma a jerin kalmomi da haruffa ina can ƙasa, in aka haɗa Anti ce ta ɗaya, don rubutunta ba kuskure. Ta ce rubutu aka ba ta ta auna, ma'auninta ba ya auna zuciya. Na ce na yarda, ba maki na zo nema ba. Ta ce ƙa'ida kowa ya karanta nasa a walima, amma in ina jin tsoro za ta ɗauke min, ko in cire layin ƙarshe. Na ce ta gyara min haruffansa kawai, kada in karanta shi da kuskure.

An yi walimar a zauren da muke karatu. Matan Indonesiya suka zo da shinkafa rawaya an tula ta kamar dala, suka zauna a gaba cikin batik. Anti ta gayyato rabin Hausawan garin su ga ranarta. Firem ɗin yana kan tebur an jingina shi. Likita ya karanta nasa a kan turaren wuta, 'yar Somaliya a kan tabarma. Anti ta miƙe ta karanta labarin kakata daga farko har ƙarshe, masaƙar da ke jingine a zaure, audugar, jan zaren zanen aure, ba ta bar komai ba sai sunanmu. Aka yi tafi. Ta ɗauki firem ta miƙa wa Malama kyauta da hannu biyu, tana satar kallon wata dattijuwa a sahun gaba, wadda danginta ke da masana'antar batik ɗin da take nema.

Ni ce ta ƙarshe, don makina ne ƙarami. Na miƙe, Ummi tana riƙe da zanina. Na karanta a hankali, layi bayan layi, yadda Malama ta koya mana. Da na kai *pinjam* na ga Anti ta daina murmushi. Da na kai *potong* ta ajiye kofinta. *Bohong* kuwa a fuskarta na faɗe shi, ban kalli takarda ba.

Hausawanmu suka ɓarke da tafi, don ba abin da suka ji. Alhaji yana cewa masha Allah, Abban Ummi yana ta washe baki yana ɗaukata hoto, matarsa ta yi karatu a gaban jama'a. Matan Indonesiya ba su tafa ba. Su ma kamar mu suke, ba sa tashin hankali a taro. Suka sunkuyar da kai, dattijuwar nan ta janye jakarta daga kujerar da ke kusa da ta Anti. Malama Wulan ta ɗauki firem ɗin, ta ratsa zauren da shi a gaban kowa, ta ɗora min a hannu. Sannan ne tafin ya mutu.

Anti ta same ni a wajen zuba abinci, ta matso har ina jin turarenta. "Ni kika yi wa haka? Bayan duk abin da na yi miki?"

Na ce, "Jarrabawa ce, Anti. Cewa aka yi kowa ya rubuta abin gidansu."

Na biya kuɗin wannan maganar, ba zan ce ban biya ba. An cire ni daga zauren matan gari na waya. A masallaci wasu sukan amsa sallamata da hanci. Aikin gidan mai ya ƙare, Abban Ummi ya yi kwanaki ba ya cin abincina da daɗi kafin ya samu wani a ɗakin karatu na jami'a. Yanzu duk inda za ni bas nake hawa, na san direbobin da fuska. Amma cinikin batik ɗin da Anti ta shekara tana bi bai ƙullu ba. Duk sanda ta kira sai a ce mata da murmushi sai an duba, sai wani lokaci. Da labarin ya zo min na ji daɗi, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ban ji ba. Manya biyu sun zo har gida wai in je in ba ta haƙuri, ita ce babba. Na kawo musu ruwa, na gaishe su a durƙushe, na ce ta dawo min da gezar in je.

Inna ce ta fi min wuya. Na kira ta na gaya mata komai, ina jira ta yi faɗa. Sai kawai ta ce, "Ke lafiyarki ƙalau? Ummi fa?" Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Zainabu ta sauka, namiji, an goye shi da majanyin kasuwa, shi ne na farko a zuri'ar Kaka da bai kwanta a saƙarta ba. Gwaggonnina sun faɗi abin da suka faɗa tun farko, kuma ba ni da bakin musu.

Dattijon nan mai shago ya cire min majanyin daga gilashin, ya ƙi karɓar komai. Malama ta ba ni *gendongan* ɗinta mai tsuntsaye kafin ta koma ƙasarsu, na gode mata, da shi na ƙarasa goyon Ummi, a baya irin namu. Majanyin yana cikin akwatina. Wani lokaci nakan ɗauko in zagaya shi a ƙuguna, bakin biyu su tsaya suna kallon juna, saura kamar taƙi ɗaya su haɗu.

To ke mai karanta wannan, roƙona ɗaya ne. In kin san wata tsohuwa da har yanzu take saƙar majanyi da hannu, a Zariya ko a ko'ina, wadda za ta iya ɗora wa wannan baki biyu ya ɗauru, don Allah ki sanar da ni, zan aika mata shi ko nawa ne. Zainabu ba ta yaye ba tukuna, da sauran lokaci. Maganar yafiya kuwa kada ki kawo min ita.